Katin Bude Sumirah

Madiun, 6 ga Janairu

Zuwa ga Lasmini,

Assalamu alaikum, Nduk, ƴata. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da tsohon da kike jinya a can Taiwan. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ba ta shiri da damina. Ruwa ake yi kullum bayan azahar. Rufin kicin ya fara yoyo daidai inda kike ajiye littattafanki lokacin da kike sakandare a gidan nan. Na tara bokiti, sai na ga bokitin ma yoyo yake.

Na san za ki ce me ya hana ni turo saƙo ta waya kamar kowa. Kunnena ba ya jin waya, yatsana kuma ya fi haruffan girma. Ban da haka, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke yana raba wasiƙun mutane ai ya cancanci a aiko masa da tasa ko sau ɗaya a wata. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ɗan ƙanin babana ne kawai, amma da yake aikin katako a Kalimantan bai taɓa barin wata ya wuce bai rubuto ba. Ya fi ki ƙoƙari, na faɗa.

Ga labarin lungu. Yu Painem mai shinkafa ta rage miyar gyaɗa, ta ce gyaɗa ta yi tsada, amma ga sabon babur a ƙofar rumfarta. Pak Kusno, mai unguwarmu, ya shiga shekara saba'in da gashi baƙi wuluk, yana ce wa mutane gado ne daga kakansa. Pak Guru Marsudi, tsohon hedimastanku, ya daina fitowa masallaci, ya ce sanyi ne. Sauran kowa yana nan yadda kika bar shi.

Ɗana Handoko ya zo daga Surabaya ranar Asabar, ban kuma san abin da ya same shi ba. Ya raka ni kantin bakin kwana, muka dawo fuskarsa a murtuke. Ya shiga ɗakina ya daɗe, ya fito yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Na zuba masa shinkafa, ya ce ya ƙoshi. Sai ya tambaye ni ko na san wace rana ce yau. Na ce na sani, rana ce da ɗana ya ƙi cin abincin gidan ubansa. Kafin la'asar ya kama hanya. In ya kira ki, ki bincika mini ko shi da matarsa lafiya.

Ni da matata, Budenki Sumirah, kuwa muna nan muna ƙoƙari. Watan nan mun yi gaba sosai, in Allah ya yarda kafin Sallah za mu kai. Jiya ma na sa wa layin wayarta kuɗi don kada ya mutu.

Ki riƙa sa rigar sanyi. Ki kuma turo wa baffanki hoto na takarda, wanda zan iya jingina shi a kan kabad.

Pakdenki,
Darmaji

*

Chiayi, 23 ga Janairu

Pakde,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, na gode Allah. Sanyi ya yi sauƙi. Akong, tsohon da nake kula da shi, yana cin abinci yana barci, ƴarsa kuma ta ƙara mini hutun rabin yini. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan zafi, ka kuma kira mai gyaran rufi, kada ka hau da kanka.

Na yi dariya a kan babur ɗin Yu Painem. Da na zo ƙarshen takardar dariyar ta tsaya. Pakde, Bude Sumirah ta rasu fiye da shekara biyu. Kai ka rubuto mini rasuwarta da hannunka, takardar tana nan a akwatina.

A gidanka na koyi cewa in za a yi maganar mutum a yi ta a gabansa, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Mas Handoko ya kira ni, kuma ba matsalar gidansa ba ce. Ya ce yana tsaye a ƙofar kanti ya ji wani mutum ya tambaye ka Bu Sumirah, ka ce tana gida, ƙafa ke damunta, ta ce a gaishe su. Da kuka dawo ya duba ɗakinka. Ya ga wayar Bude a jone da caji. A ƙarƙashin gado ya ga abincin kyanwa, alhali ba ka da kyanwa, ba ka ma son su. Ya ga audugar mata, da maganin rina furfura, da madarar jarirai, da famfas na manya ƙunshi biyu. Ya ce ya tambaye ka na wane ne, ka ce ba ruwansa. Hankalinsa a tashe yake, Pakde. Ba don mugunta yake yi ba.

Ga abin da ya yanke. Bayan Sallah zai zo da mota ya tafi da kai Surabaya, ya riga ya fara gyara maka ɗakin baya. Gidan kuma akwai wani mai gyaran babura da ke son sa. Na roƙe shi ya dakata. Ya ce ni ce nake wannan aiki kullum, in na ce lafiyarka ƙalau zai saurare ni, in na ce akwai matsala shi ke nan.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne Akong ma haka ya fara. Yakan sayo wa matarsa alewa ya ajiye mata a tebur, ita kuwa ta daɗe a kabari. Ƴaƴansa suka ce tsufa ne kawai, sai da abin ya yi nisa suka gane gigin tsufa ne.

Mas Handoko yana ganin katin nan na kanti, wanda ake tara maki da shi in an yi sayayya, shi ne ke jan ka kana kwasar kaya. In shi ne, to ka jefar da shi. Ni nan jakata cike take da irinsu. Za su ce miki saura kaɗan ki samu kofi, ki je sayen sabulu ki fito da leda biyu, kofin kuma in ya zo ko shayi ba ya riƙewa da zafi. Don su aka yi katin, ba don mu ba.

Ka yi haƙuri da abin da zan roƙa. A bayan takardarka ka zana mini agogo, ka sa lambobinsa duka, ya nuna ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ka rubuta abin da ka ci jiya da rana, da sunan makarantar da na yi. Haka likitan Akong yake yi. Kada ka ji haushi, ka amsa mini da wuri.

Ƴarka,
Lasmini

*

Chiayi, 27 ga Fabrairu

Pakde,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ni lafiyar jiki kam akwai, hankali ne ba ya kwance. Ga azumi ya zo, Allah ya sa mu gan shi lafiya.

Wata guda ke nan ina duba akwatin wasiƙu na gidan nan har mai gadi ya fara tambayata ko saurayi ne. Kai da ba ka taɓa jinkirta amsa ba. Na kira wayar gidanka ba a ɗauka. Na rasa wanne zan ɗauka, ko wasiƙata ba ta isa ba, ko ta isa ka ajiye ka manta, ko ka zauna zana agogon ya gagare ka, kana jin kunyar gaya mini. In wannan ne, wallahi ba abin kunya ba ne.

Makon jiya Akong ya fice ina shanya. Muka yi ta nema har yamma. A tashar mota aka same shi da silifas ƙafa ɗaya, wai yana jiran matarsa ta dawo daga kasuwa. Da na ga ƙafarsa duk ta farfashe, kai na gani, a kan kekenka, a titin da manyan motoci ke bi.

Ranar Mas Handoko ya kira ya ce me na gani. Na ce ban samu amsa ba. Ya ce to rashin amsar fa? Sai na ce wataƙila gara a kai ka kusa da shi. Na faɗa, Pakde, kuma gara ka ji daga bakina. Ya ce mai gyaran baburan zai zo ya auna gaban gidan, sauran magana sai ranar da zai zo ɗaukar ka, kwana uku bayan Sallah.

Na san gidan nan ne Bude ta dasa mangwaro, na san daga ƙofarsa kake tafiya kabarinta a ƙafa. Ban so na faɗi abin da na faɗa ba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Lasmini

*

Madiun, 11 ga Maris

Lasmini,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, azumi na tafiya daidai, gwiwa ta yi sauƙi. Wasiƙunki biyu sun iso, babu wadda na manta. Ta farkon na karanta na sa ta a ƙarƙashin kwalbar sukari, na ce sai na huce. Ban huce da wuri ba. Yarinyar da na koya wa hawan keke ce za ta sa ni zanen agogo. Da ta biyun ta zo na ga kin tsorata da gaske, sai haushin ya koma tausayi.

Juya takardar ki ga agogonki. Jiya da rana ban ci komai ba, azumi ake yi, likitan Akong bai yi tunanin wannan ba. Makarantarki kuwa ni na biya kuɗin rigarta. Wani mutum ya zo da igiyar awo yana auna mini ƙofar gida, na ba shi kujera na ce in ya gama ya auna mini yoyon kicin.

To saurara. Katin kantin bakin kwana na Budenki ne, da sunanta da lambar wayarta aka buɗe shi. Akwai wata babbar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da suka ɗora a saman kanta, wadda ba a sayarwa sai da maki. Shekara guda ta yi tana tara mata, wai don ranar da adashen matan lungu ya zagayo gidanmu kada ta sake aron ta maƙwabta. Ta kai kusan rabi ta kwanta ciwo. Bayan addu'ar arba'in na tsinci katin a jakarta. Na je na tambaya a fakaice, aka ce mini in mai kati ya rasu makin ya bi shi, in layin waya ya mutu ma haka. Shi ya sa nake sa wa layinta kuɗi, shi ya sa wayar ke kan caji.

Sayayyar tsoho ɗaya ba za ta kai ko'ina ba, sabulu da sukari ne da ganyen shayi. Sai na ce wa mutanen lungu duk mai sautu ya kawo, ga keke ga ni zaune. Su sun huta da fita cikin ruwa, ni kuma makin ya hau katin Sumirah. Da farko mai ne da shinkafa. Daga baya aka fara zuwa mini ta ƙofar baya. Akwai kayan da mutum ba ya son ya ɗora a kan kanta yarinyar da ya sani tun tana goye tana kallonsa. Irin waɗannan nake sayowa in ajiye a ƙarƙashin gado, in kai wa mai su a baƙar leda lokacin da ba idon mutane. Su Handoko ya gani.

Ranar da ya raka ni, an kawo sabon manaja. Yaran kantin duk sun san Budenki ta rasu, wasunsu sun zo ta'aziyya, amma ba sa cewa komai. Shi wannan ya dubi na'ura ya dube ni ya ce, "Bapak, ina Bu Sumirah?" Sai na shirga masa ƙarya, na ƙara da gaisuwa don ta zauna. Na yi istigfari a kan keke har gida. Ban san ɗana yana bayana da kunnuwa a buɗe ba.

Za ki ce me ya sa ban gaya masa ba. Maganar katin kam girman kai ne, na yarda. Shi ne ya ce a rufe duk abin da ke da sunan uwarsa don kada in riƙa tunani, na ce to, ban yi ba. Amma kayan ƙarƙashin gado daban ne. Ya tsaya a tsakar ɗaki, taga a buɗe, yana ɗaga famfas sama yana cewa na wane ne. Nduk, na yi aikin gidan waya har na yi ritaya. Na san wanda kotu ta aiko wa takarda, na san wadda mijinta ya daina aiko mata, na san wanda ɗansa ke rubutowa daga kurkuku. Ko Budenki ba ta taɓa jin suna ɗaya daga bakina ba. Ba zan fara yanzu don a bar ni a gidana ba. Ke ma kada ki tambaye ni.

Maganarki a kan kati kuma, rabi gaskiya ce. Ina da kwalabe uku na jan sirop da na saya don an ce makinsu ninki biyu ne, ni kuwa likita ya hana ni zaƙi. Man girki ya fi araha a kasuwa, na sani, matan lungu ma sun sani, suna dai yi mini kara. In lissafi za a bi, da tuni na sayi irin tukunyar nan a kasuwa na huta. Amma duk ranar da na miƙa katin, yarinyar da ke karɓar kuɗi takan dubi na'ura ta ce, "An gode, Bu Sumirah," tunda haka aka koya musu. A duk garin nan wurin kaɗai ya rage da ake kiran sunanta ba a haɗa da Allah ya jiƙanta ba. Ina son in ji, shi ke nan.

Ki gaya wa Handoko abin da kika ga dama. Ina jin tsoron ɗakin bayan nan nasa, ba zan ɓoye miki ba. Tagarsa bango take kallo.

Pakdenki mai cikakken hankali,
Darmaji

*

Chiayi, 22 ga Maris

Pakde,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, yau kam har cikin raina. A matattakalar bene na buɗe wasiƙarka, na yi kuka na yi dariya, mai gadi ya ce ai ya faɗa saurayi ne. Agogonka ya fi wanda likitan Akong ke zanawa kyau, har da hannun sakan da ban tambaya ba. Ka yafe mini. Na daɗe ina kallon ciwo ɗaya, har na koma ganin sa a fuskar kowa.

Amma da saura. Na kira Mas Handoko na karanta masa duka. Da na kai ƙarshe na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Dik, ƙanwata, ke da bakinki kika ce masu wannan ciwo suna da ranaku masu kyau, suna kuma iya tsara labari ya zauna daram. In kayan mutane ne, su wane ne? Suna ɗaya kawai nake so." Na ce ba ka faɗa ba. Ya ce to kin gani. Maganar da na yi a watan jiya ta fi ta yau nauyi a wurinsa, ni na jawo. Ya ce ranar tana nan yadda aka sa, da mota da mai saye.

Na san ko zan cika takarda goma ba za ka faɗi suna ba, ba kuma zan roƙe ka ba. Ga abin da na yi, in za ka yi faɗa ka yi. Na nemo lambar Yu Painem na kira ta. Ban ce mata komai game da kayan kowa ba, tunda ban sani ba. Na ce mata dai za a tafi da Pakde Surabaya a sayar da gidan, saboda an ga wasu kaya a ƙarƙashin gadonsa ya ƙi faɗin masu su, ana zaton ya ruɗe. Na faɗa mata ranar. Na kuma roƙe ta don Allah kada ta gaya wa kowa.

Ka san Yu Painem.

Barka da Sallah tun yanzu, a yafi juna ciki da waje. Sirop ɗin nan ka ba wa yaran masallaci, kada in ji ka sha.

Ƴarka,
Lasmini

*

Madiun, 8 ga Afrilu

Nduk,

Wa'alaikumus salam, barkanmu da Sallah, na yafe miki, ke ma ki yafe mini. Lafiyata ƙalau. Daga teburin kicin nake rubuto miki, a ƙarƙashin yoyo, a gidana. Na fara da wannan don kada ki tsallake layuka kina neman sa.

Wasiƙarki ta iso bayan labarin ya riga ta. Tun kafin Sallah na ga ana gaishe ni da wata irin murya, kamar wanda za a yi wa tiyata. Ban gane ba sai da na karanta abin da kika aikata. Na so in yi faɗa, sai dai babu wanda zan yi wa.

Handoko ya zo da hantsi, shi da matarsa da kwalaye da mai gyaran babura. Ya durƙusa ya nemi gafarar Sallah kamar yadda aka saba, ya sumbaci hannuna, yana tashi ya ce, "Pak, a fara da kayan sawa ko?" Na ce a fara da shayi. Ban san me zan yi ba, Nduk. Na zauna a baranda ina kallon mangwaro.

Sai ga Yu Painem da tire a ka, wai ta kawo wa baƙi abinci. Ba ta tafi ba. Bayanta sai ga Mbak Tutik matar mai ɗinki, ta yi sallama ta ce, "Pakde, na zo karɓar madarar jaririna." Na ce ai da yamma nake kawowa. Ta ce yau da safe take so. Ta wuce ɗakina da kanta ta ɗauko, ta tsaya a gaban Handoko tana juya gwangwanin kamar mai talla. Daga nan aka ɓalle. Mai abincin kyanwa ta zo, ta gaya wa duniya cewa kyanwoyi huɗu take ciyarwa a bayan gida ba da sanin mijinta ba, mijin kuwa yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Dama na ce kifina ba tafiya yake da ƙafarsa ba." Ƴan mata biyu suka shiga tare suka fito da leda suna rufe fuska suna dariya.

Pak Kusno mai unguwa ya zo da rigar Sallah, wai ya zo ne a matsayin hukuma. Ya yi jawabi a kan zaman lafiya. Yu Painem ta ce, "Pak, akwai sauran kaya a ciki, ko hukuma za ta duba?" Ya yi tari, ya shiga, ya fito da maganin rina furfura a aljihu, rabin kwalin a waje. Ya ce na surukarsa ne. Yu Painem ta ce, "Allah sarki, surukar da ta daɗe a kabari." Har mai gyaran babura sai da ya yi dariya.

Handoko bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da famfas ɗin nan ƙunshi biyu ya ajiye a tsakiyar baranda. Ya ce, a hankali, "Wannan fa, Pak? In naka ne ka gaya mini. Ni ɗanka ne." Sai na gane abin da ya fi cin ransa tun farko. Yana zaton jikina ya fara sakewa ina ɓoyewa, ina wanke zanin gado ni kaɗai. Na ce ba nawa ba ne. Ya ce na wane ne. Na ce na mai shi.

Muna haka muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Pak Guru Marsudi ne, wanda rabonsa da fitowa tun kafin damina. Ya sa farar riga da hula, an goge wandon har yana da kaifi. Rabin mutanen da ke tsaye a wurin ya koyar da su, Handoko ma ya sha bulalarsa. Aka dare masa hanya. Na miƙe na ce, "Pak Guru, koma gida, zan zo anjima." Ya ce, "Zauna, Darmaji." Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya rungume, ya dubi Handoko ya ce, "Nawa ne. Tun da aka yi mini aiki fitsari ba ya jin maganata. Ubanka ke sayo mini, bai taɓa kallon fuskata ba in zai miƙo. Ɗauko ɗayan ka raka ni, hannuna ɗaya na sanda ne."

Handoko ya ɗauka ya bi shi. Suka ratsa lungun tun daga farko har ƙarshe da rana tsaka, babu leda. Ba wanda ya yi magana, Yu Painem ma ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ni dai na shiga kicin na daɗe ina wanke kofi ɗaya.

Da ya dawo ya sallami mai gyaran babura, ya mayar da kwalayen cikin mota babu komai a ciki. Ya zauna a nan inda nake zaune ya ce akwai shinkafa? A sabuwar tukunya na dafa ta, don mun kai ana jibi Sallah, sautun azumi ne ya ƙarasa mu. Ta fi yadda take a saman kanta ƙanƙanta, murfinta kuma sai an danna. Da Budenki ta ganta da ta ce an cuce mu. Ranar Juma'a matan adashe za su zo su are ta. Pak Guru kuma ya dawo masallaci, yana tsayawa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa.

Kin ce a jefar da kati. In don abin da suke bayarwa ne, ki jefar da naki, ba ki yi asara ba. Nawa dai yana nan, sautu kuma ya ƙaru, har ina tunanin sa wa keken kwando na biyu.

Handoko ya kwana biyu, ya hau ya gyara rabin rufin, ya ɓata rabi. Da zai tafi, ya riga ya shiga mota sai ya sauke gilashi. Ya ce akwai reshen kantin nan kusa da gidansa, matarsa a can take sayayya, in sun faɗi lambar waya makin zai hau katin ko daga Surabaya ne? Na ce zai hau. Ya ce to in ba shi lambar. Na ce lambar uwarka ce, wadda ka yi shekaru kana kira duk Lahadi, faɗe ta in ji. Ya fara da ƙarfinsa, ya zo tsakiya ya tsaya, ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Matarsa ta juya tana kallon waje. Na bar shi ya ɗan sha wuya, sannan na ƙarasa masa, ya rubuta a bayan hannunsa yana share ido da ɗayan.

Na ce in ya isa gida ya zana mini agogo ya aiko.

Pakdenki,
Darmaji